Fura, shayi da ruwan kanwa: yadda ake bambance haɗi bai-ɗaya da gamin gambiza

Tambaya guda ce ke ta maimaituwa daga iyaye da ƴan kolej a nan Damagaram, har da wasu malamai: mushe, wato malamin makaranta, ya ba yaro aikin gida, ya jera abinci goma ya ce wanne ne omojen, wanne ne eterojen. Yaro ya wuce shinkafa da wake ba gardama, ya wuce ruwan sukari, ya zo kan madara ko koko ya tsaya cak. Wani kuma ya rubuta cewa yaji omojen ne don ya gan shi ja gaba ɗaya, aka soke masa.

Mu daidaita sunaye tukuna. Omojen shi ne haɗin da duk inda ka ɗiba abu ɗaya za ka samu, sama da ƙasa, gefe da tsakiya. Shi za mu kira haɗi bai-ɗaya. Eterojen shi ne wanda kayan cikinsa ba su saje ba, ana iya ganin su ko a ware su, shi kuma mu ce masa gamin gambiza. Ido kaɗai ba ya yanke wannan hukunci. Gwaji ake bi a jere, daga mai sauƙi zuwa mai wuya, kuma da zarar mataki ɗaya ya nuna rabuwa ka gama, ba sai ka ci gaba ba. Wanda ya wuce matakai 2 zuwa 6 bai nuna rabuwa ba shi ne bai-ɗaya.

1. Tara kayan aiki

Kofunan gilashi huɗu masu haske, marasa zane. Na shayi sun isa, amma dogo ya fi, don kwanciyar abu ta fi fitowa a cikinsa. Gorar roba ta rabin lita guda biyu, a cire takardar jikinsu. Ƙaramin cokali, wanda ke ɗaukar mililita 5, da babban cokali mai ɗaukar 15. Rariya, tsaftataccen farin ƙyalle, auduga kaɗan, farar takarda, baƙin murfin tukunya ko faranti mai duhu, tocilar waya da guntun kwali. In akwai sabuwar sirinji marar allura daga farmasi, ta fi komai amfani wajen awo da ɗibo ruwa daga ƙasan kofi.

Kusan duka suna gida. Abin da za ka saya kaɗan ne: gishirin dala goma, sukarin dala ashirin, ɗan ƙullin kanwa, ludayin nono, cokali biyu na kamu. Ba sai an je Kasuwar Dole ba, mai teburin unguwa ya wadatar.

Gargaɗi: a wanke kofuna a ɗauraye sau biyu. Ragowar sabulu ko maiƙon jiya na ɓata gwajin haske da za a yi a mataki na 6, ruwa mai kyau ya fito kamar gurɓatacce.

2. Duba da ido, amma a kan farar takarda

Zuba samfurin a kofi ko ka baza shi a faranti, ka fita inda hasken rana yake. Abu uku kake nema: launi fiye da ɗaya, gutsattsari ko ƙwayoyi, da layin da ya raba sama da ƙasa. Dambu, kwaɗon zogale, shinkafa da wake, fura da nono, miyar da mai ya taso mata, duk a nan suke faɗuwa. Gambiza ne, a wuce.

Inda ake yin kuskure shi ne gari. Ɗebi yaji kaɗan a bakin cokali, ka baza shi siriri a kan farar takarda, ka kusanto da kyamarar waya ka ƙara girman hoton. Za ka ga jan barkono daban, ruwan ƙasan ƙuli-ƙuli daban, farin gishiri yana ƙyalli daban. Komai laushin daka, ƙwayar barkono tana nan barkono, ƙwayar gishiri tana nan gishiri, zama kawai suke kusa da juna. Haka gishiri da sukari in an cakuɗa su a bushe: duka farare ne, ido ya ce duk kanwar ja ce, amma lasa nan ka ji zaƙi, lasa can ka ji gishiri. Dokar da za ka riƙe ita ce busasshen gari da busasshen gari ba sa zama bai-ɗaya na gaskiya.

Abinci mai tauri kuma yanka shi ake yi. Gutsura alkaki ka ga bayansa ya sha zuma ko sukari, cikinsa bai kai haka ba. Yanka burodi ka ga ramukan iska manya da ƙanana, ga ɓawo daban.

3. Ajiye shi ya huta

Wannan matakin ya fi kowanne kama masu ɓoyewa, kuma shi aka fi tsallakewa saboda gaggawa. Abin da ya narke da gaske ba ya kwanciya ko ya kwana nawa a rufe. Abin da ke yawo ne kawai cikin ruwa, in ya fi ruwa nauyi zai sauka, in bai kai ba zai taso.

Cika gora da ruwa rabin lita, zuba babban cokali ɗaya na samfurin, rufe, girgiza sau ashirin, ka ajiye inda ba mai taɓawa. Duba bayan minti 1, minti 10, minti 30, sai kuma washegari. Ka sa alama da biro a jikin gorar duk inda ka ga layi.

Ga abin da za ka tarar. Man gyaɗa zai taso cikin minti ɗaya zuwa biyu, domin lita ɗayansa giram 910 zuwa 920 ne, ta ruwa kuwa 1000. Kamu zai fara yin farin kwance a gindi cikin minti goma, kafin awa ɗaya saman ya fara washewa. Dalilin da ya sa ke nan mai shan farau-farau ke juya ludayi kafin kowace kurɓa. Kanwa, uwar gami, ta fi ban sha'awa: yashi da ƙasar da ta zo da su daga tafki za su faɗi gindi nan take, ita kanwar kanta ta narke ta saje da ruwa. Gora guda ke nan da amsa biyu. Dukanta gambiza ce, amma ruwan saman da uwar gida ke tsiyayewa ta zuba a miya, in ya washe sarai, bai-ɗaya ne. Gishirin Balma ma yakan bar ɗan laka a ƙasa, abin da gishirin leda da aka tace ba ya cika yi.

Ɗanyar madarar shanu da aka tatso yau tana buƙatar haƙuri. Sai ta yi awoyi, galibi kwana guda, maiƙonta ke tasowa ya yi layi mai ɗan rawaya a sama. Madarar gwangwani ba za ta yi haka ba, domin a masana'anta an farfasa ƙwayoyin maiƙon sun yi ƙanƙanta ƙwarai, ba sa iya tasowa da sauri.

Gargaɗi: da zafin bazara madara za ta yi tsami ta daskare kafin maiƙon ya gama tasowa, ka koma gwada nono ba madara ba. A sa ta a firijo, ko a jingina kofin da randa a rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle.

Gargaɗi na biyu: in famfo ya dawo bayan ɗaukewar ruwa, yakan zo fari kamar an ɗiga madara. Kada ka yi saurin cewa datti ne. Zuba a kofi ka kalla. In ya fara washewa daga ƙasa zuwa sama, iska ce ke fita. In daga sama ya fara washewa, laka ce ke sauka.

4. Ɗibi sama, ɗibi ƙasa

Akwai haɗin da ba ya nuna layi amma bai daidaita ba. Zuba shayi a kofi, jefa sukari, kada ka juya. Bayan minti goma ƙwayoyin na iya ɓacewa daga gani, amma zaƙin na kwance a gindi, saboda ruwan da ya sha sukari ya fi nauyi. Ja kaɗan daga sama da sirinji, ja kaɗan daga ƙasa, ka ɗanɗana kowanne. In babu sirinji, tsinken shan lemo ya yi: nutsa shi, toshe bakinsa da yatsa, ka ɗago. Masu dafa shayi a majalisa da ke ɗaga buta suna juye shi daga kofi zuwa buta sau da yawa, ban da kumfar da suke nema, wannan aikin suke yi.

Ɗanɗano uku iri ɗaya daga wuri uku alama ce mai kyau, amma ba ta isa hujja ba, sai an haɗa da matakai biyu na gaba.

Gargaɗi: abin da ka san abinci ne kawai ake ɗanɗanawa. Ruwan kanwa mai kauri yana cin baki, kada a ba yara su lasa.

5. Tace

Bi daga manyan ramuka zuwa ƙanana: rariya, sannan ƙyalle ninki biyu, sannan auduga. Yanke gorar roba gida biyu, kifa rabin saman ya zama mazurari, cusa auduga a wuyansa ba da ƙarfi ba, jiƙa ta da ruwa tukuna, sannan ka zuba samfurin a hankali. Duk abin da ya rage a kan matacin shaida ce cewa abin da ka zuba gambiza ne.

Zoɓon da aka dafa zai bar ganye da gutsattsarin citta. Jiƙon tsamiya zai bar ƙwallo, zare da ɓargo. Nono zai rabu biyu: farin daskararre a kan ƙyalle, ruwa mai ɗan kore-kore yana ɗiga ƙasa. Ruwan gishiri da ruwan sukari kuwa za su wuce gaba ɗaya, audugar ta fito fes, kuma abin da ya ɗiga yana nan da gishirinsa. Tata ba ta raba abin da ya narke.

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne a ɗauka duk abin da ya wuce mataci bai-ɗaya ne. Madara na wucewa fara tas kamar yadda ta shiga, don ƙwayoyin maiƙonta ƴan mikiron ne kawai, mikiron ɗaya kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Ramin auduga ƙofar gari ce a wurinsu.

Kuskure na biyu, matse ƙyalle. In ka matse, ka tura dusar da kake son kamawa ta wuce. Bar shi ya ɗiga da kansa ko zai ɗauki minti goma sha biyar.

6. Haska shi a duhu

Kowa ya san yadda hasken rana ke shigowa ta tsagar ƙofa da hunturu, ka ga sandar haske a tsaye cikin ɗaki. Ba hasken kake gani ba, ƙurar da ke watsa shi kake gani. Ranar da iska ta washe bayan ruwan sama, sandar ba ta fitowa haka. Wannan gwajin shi ne daidai, cikin kofi.

Huda ƙaramin rami kamar kan ashana a jikin kwali, ka rufe tocilar waya da shi don hasken ya fita siriri. Shiga ɗaki mai duhu da kofi biyu: ɗaya ruwan sukari da aka juya ya narke, ɗaya samfurinka. Ɗora hasken a gefen kofi, kai kuma ka kalla daga sama ko daga ɗaya gefen, kada ka fuskanci fitilar. A ruwan sukari za ka ga inda haske ya shiga da inda ya fita, tsakiya kusan babu komai. A ruwan da aka ɗiga wa madara uku ko huɗu, hanyar hasken za ta fito sarai daga bango zuwa bango, da ɗan shuɗi-shuɗi. Akwai ƙwayoyi ke nan da ba su narke ba, sun dai yi ƙanƙantar da ba sa kwanciya da wuri, ba sa maƙalewa a mataci.

Haka za ka gani a ruwan saman kamu da ka ɗauka ya washe, da ƙasari, da romon nama da aka tace, da tataccen lemun tsamiya. Shayi mai ƙarfi ma yakan yi gajimare in ya huce, ya washe in an sake ɗumama shi.

Gargaɗi: a tsarma samfurin. Madara tsantsa ko koko mai kauri ba sa barin haske ya ratsa ko kaɗan, ba za ka ga komai ba. Kuma kada a yi gwajin ba tare da kofin ruwan sukari a gefe ba. Ruwan randa kansa yana da ƴar ƙura, sai da kwatanci ake sanin wanne ya fi.

7. Ƙafar da ruwan

Samfurin da ya wuce matakai 2 zuwa 6 bai-ɗaya ne. Saura tambaya guda: haɗi ne ma kuwa, ko abu ɗaya ne tsantsa? Ɗiga ƙaramin cokali a kan baƙin murfi, ka ajiye a rana. Ranar Damagaram ba ta ɓata lokaci. Ruwan gishiri zai bar farin gishiri, in ya bushe a hankali har ka ga ƙwayoyi masu kusurwa huɗu. Ruwan kanwa zai bar farin ɓawo. Ruwan famfo kansa zai bar ɗan farin zobe, irin wanda ke taruwa a cikin butar shayi in ta daɗe tana aiki. Ruwan sha ma haɗi ne.

Gargaɗi: kada a ɗora ruwan sukari a wuta don a yi sauri. Sukarin zai ƙone ya yi baƙi, ka sami wani abu dabam da wanda ka zuba. A rana kuma ba ya bushewa ƙayau, danƙo yake zama, ga tururuwa. Ɗora murfin a kan kofi, kofin a cikin faranti mai ruwa.

8. Gwada iyakar narkewa

Haɗi ɗaya na iya sauya suna gwargwadon yawan abin da aka zuba, kuma wannan ne malamai ke son yaro ya gane. Auna ruwa mililita 100, wato kashi ɗaya cikin biyar na gorar rabin lita. Zuba gishiri ƙaramin cokali ɗaya, shafaffe ba mai tozo ba, kimanin giram 6 ke nan. Juya har ya ɓace, ka ƙara wani. Ruwa mililita 100 na ɗaukar gishiri wajen giram 36, saboda haka a cokali na shida za ka sha juyi, na bakwai kuwa zai zauna a gindi ko ka kwana kana juyawa. Daga nan kofin ya koma gambiza. Ƙara ruwa kaɗan, ya dawo bai-ɗaya.

Dafa ruwan ba zai taimaka sosai ba, gishiri ko a tafasasshen ruwa bai wuce giram 39 ba. Sukari halinsa daban: ruwa mililita 100 na ɗaukar wajen giram 200 a sanyi, a tafashe kuma fiye da ninki biyu na haka. Shi ya sa ruwan sukarin da aka dafa ya yi kauri ke fitar da ƙwayoyi in ya huce, kuma dangin wannan dalili ne ke sa zuma ta yi tsaki-tsaki in ta daɗe a ajiye. Tsakin zuma ba hujja ba ce cewa an yi mata algus.

9. Masu rikitarwa, da abin da za a rubuta a takarda

Madara. A darasin kolej ma'aunin da aka saba bayarwa shi ne ido: abin da ba a bambance kayan cikinsa da ido tsirara, omojen ne. Da wannan ma'auni madara omojen ce. Da ma'aunin haske da madubin likita, maiƙo ne ke yawo cikin ruwa, bai narke ba. Duka biyun daidai ne, kowanne a ma'auninsa. Yaro ya duba ma'anar da ke cikin kayensa, wato littafin da yake rubuta darasi, ya amsa da ita, ya ƙara layi guda yana faɗin dalili: "a ido bai-ɗaya ce, amma in ta kwana maiƙo na tasowa." Amsa mai dalili ta fi kalma guda tsirara, ko da mai gyara yana da wani ra'ayi.

Koko da kunu. Ɗanyen kamu na kwanciya, dafaffe ba ya yi, don zafi ya kumbura garin ya riƙe ruwan. Tataccen koko a ido bai-ɗaya ne, ajinsu ɗaya da madara. In an sa masa gaya ko gudaji, gambiza ne ba musu. Miyar kuka ma haka: komai kyan kaɗi da maburgi, garin ganye ne ke yawo, shafa ɗigo a farar takarda ka ga ɗigo-ɗigon kore.

Lemun kwalba. A rufe bai-ɗaya ne, iskar ta narke a ciki saboda matsi. Da ka buɗe kumfa ta taso, ga ruwa ga iska, gambiza. In ya sha iska ya lafa, ya koma bai-ɗaya. Zoɓo mai ƙanƙara a ciki gambiza ne har ƙanƙarar ta narke a juya.

Man ja da soyayyen man shanu. Da zafi ruwa ne bai-ɗaya, da sanyin Disamba da Janairu sai ka ga ƙasa ya daskare, sama na ruwa. Ba lalacewa ba ce, maiƙo iri-iri ne a ciki, kowanne da zafin da yake narkewa. A rubuta yanayin da aka yi gwajin.

Abu guda da waɗannan matakai ba sa nunawa shi ne tsafta ko gaskiyar kaya. Madarar da aka ƙara wa ruwa za ta ba da amsa iri ɗaya da wadda ba a taɓa ba. Ruwan rijiya na iya wuce kowane gwaji a nan, garau, yana ɗauke da ƙwayoyin cuta. In abin da kake zargi gari ne aka zuba don a ƙara wa nono kauri, gwajinsa daban: ɗebi cokali ɗaya a faranti, ɗiga masa aidin na wanke ciwo ɗigo biyu. In akwai garin hatsi ko na rogo zai koma shuɗi mai duhu, kusan baƙi, in babu zai tsaya ruwan ƙasa-ƙasa. A ɗebi nonon kafin a dama fura a ciki, don gero kansa zai ba da shuɗin. Abin da aidin ya taɓa kuma a zubar, a wanke farantin da sabulu.